Burin Shekara da Lissafin Yini

Duk aikin da mutum ya ɗiba wa shekara guda, ko saukar Alƙur'ani, ko tara jari, ko rage teɓa, yana farawa ne da rabawa: adadin aikin a sama, adadin kwanaki a ƙasa. Shekarar Miladiyya kwana 365 ce, ta Hijira kuwa 354 ko 355. Mai tara kuɗin rago daga wannan Layya zuwa ta baɗi, kwanakinsa sun gaza na mai lissafi daga Janairu da kusan 11. Mutane da yawa kan ɗaura niyya ba su taɓa yin wannan ɗan lissafin ba, shi ya sa kafin a je ko'ina sai a ji shiru.

Karatun Alƙur'ani ya fi komai nuna amfanin rabawa, domin magabata sun riga sun yanka shi gunduwa-gunduwa: izu 60, kowane izu tumuni 8, jimilla tumuni 480. Bugun Madina da ya cika masallatai shafi 604 ne. Mai karanta shafi biyu kullum, ɗaya bayan Asuba ɗaya bayan Isha'i, zai sauke cikin kwana 302. Ke nan yana da rarar kwana 63 a shekarar Miladiyya, ko 52 a ta Hijira. Wannan rarar ce ran tsarin. A cikinta za a cusa ranar zazzaɓi, da tafiya ta'aziyya ƙauye, da makon bikin ƙanwa, da kwanakin uzurin da mace kan samu kowane wata. Tsarin da ya ce sai an yi kullum babu fashi, ranar da aka yi fashin farko ya rushe, domin mai shi zai ga tamkar an riga an yi asara.

Hadda kuma lissafinta daban. Wanda ya ce zai haddace Alƙur'ani cikin shekara, shafi biyu yake bin kansa kowace rana, ban da tilawar na baya, wadda kowane alaramma ya san ta fi ƙari nauyi. Gardi da ba shi da aikin da ya wuce allo zai iya gwadawa. Ma'aikaci mai fita ƙarfe bakwai ya dawo da Magariba yana yaudarar kansa ne. Amma izu goma kusan shafi 100 ne. Shafi biyu a mako ya kai shi cikin mako 50, har da ragowar mako biyu. Izu goma da suka zauna daram sun fi sittin da aka bari a na uku.

An daɗe ana yaɗa cewa kwana 21 sun isa abu ya zama jiki. Maganar ta samo asali ne daga wani littafin likitan tiyata ɗan Amurka, Maxwell Maltz, na 1960, kuma abin da ya lura da shi ne a wurin majinyatansa. Da Phillippa Lally da abokan aikinta a wata jami'ar Landan suka bi mutum 96 suna auna yadda sabuwar ɗabi'a ke kamawa, sai suka samu tsaka-tsakin kwana 66, wasu 18 ta ishe su, wasu kuwa sai wajen 254. Sun kuma ga cewa tsallake rana ɗaya bai ɓata komai ba. Saboda haka wanda ya kai mako huɗu yana jin aikin da nauyi, lafiyarsa ƙalau.

Sai batun rubutawa, wanda a nan ne akasari ake sakaci. Ƙwaƙwalwa tana son mai ita: takan tuna ranakun ƙoƙari ta binne na kasala. Benjamin Franklin, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Amurka, ya zana wa kansa ɗan littafi mai halaye 13 da yake son samu, da layuka bakwai na kwanakin mako. Kowane dare sai ya ɗiga baƙin ɗigo inda ya gaza. Hali ɗaya yake sa wa ido a mako, don haka yana zagaye su sau huɗu a shekara. Shi da kansa ya faɗa cewa tsara al'amura ne ya fi ba shi wuya. Malaman Musulunci sun riga shi da ƙarnuka: Harisu al-Muhasibi, wanda ya rasu a Bagadaza a 857, laƙabinsa ma daga yi wa kai hisabi ya zo. Littafi mai ganye arba'in da biro sun wadatar. Sharaɗin kawai shi ne a rubuta abin da ke hannun mutum, wato shafin da ya karanta ko kuɗin da ya ajiye. Nauyin jiki da cinikin shago sukan hau su sauka bisa dalilan da ba shi ke juya su ba, kuma mai ƙura musu ido kullum saurin karaya yake.

Masu adashin kullum a kasuwa sun fi kowa gane wannan. Mai karɓa yana zuwa da la'asar, ya karɓi zubi, ya ja layi a kati, mai zubi yana kallo. Ga adadi tsayayye, ga shaida a rubuce, ga kuma kunyar idon wanda zai dawo gobe. Naira 500 kullum ta zama 182,500 a shekara. In aka cire zubin rana guda kowane wata, ladan mai karɓa, an rage 6,000. Sai dai akwai ɓarawon da kati ba ya nunawa. Hukumar Ƙididdiga ta Najeriya ta ce a watan Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. A irin wannan yanayi, wanda ya cika katinsa tsaf zai iya isa kara ya tarar ragon da ya auna bara ya yi gaba ya bar shi. Shi ya sa masu dabara kan kwashe a wata na huɗu ko na biyar su sayi ɗan tunkiya su ɗaure, ko su sayi masara da kaka su ajiye. Burin kuɗi gara a rubuta shi da sunan abin da za a saya, a riƙa leƙa farashinsa duk wata uku.

Wayoyin zamani suna ƙirga taku, kuma taku 10,000 ya zama kamar doka. Asalinsa tallar wata na'urar ƙirga taku ce da aka fitar a Japan a 1965. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara ga baligi shi ne motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako. Tafiyar rabin awa kwana biyar ta cika mafi ƙarancin, kuma manomi da damina ya ninka shi ba tare da waya ba.

Abu na ƙarshe da ake mantawa shi ne watanni ba nauyinsu ɗaya ba. Da azumi karatu kan ƙaru, motsa jiki ya ragu, aljihu kuma ya yi kuka saboda cefanen buɗa-baki da kayan salla. Satumba kuɗin makaranta ne. Zafin Afrilu da Mayu kan hana tafiyar rana, damina ta cinye lokacin mai gona. Kafin a fara, ya kamata a shimfiɗa kalandar duka, a sa alama a waɗannan watanni, a sassauta musu, a ɗora abin da aka rage kan watannin kaka da hunturu, lokacin da hatsi ke araha jiki kuma ke da ƙarfi.