Sai bature ya yaba kafin mu ji waƙar ɗan unguwa?

Daren jiya a fadarmu nan Gure, ana dafa shayi, wani ya kunna waƙa a salula. Jita ɗaya ce da murya ɗaya, har kukan akuya ana ji a baya. Kowa ya yi tsit. Na ce wa ya yi ta? Aka ce oho, turo ta aka yi. Sunan da ke kan waƙar “AUD-WA” ne da wasu lambobi. Sai daga baya muka gane ashe yaron bayan kasuwa ne, mai gyaran babur, kullum muna wuce shi.

Abin ya tsaya mini a rai. Waƙarsa ta zagaye gari, amma shi ko dala bai gani ba, sunansa ma bai bi ta ba.

Ku tuna da Mdou Moctar. Da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. A 2008 ya je Sakkwato ya naɗi faifansa na farko, Anar, waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya ta Bluetooth har Mali. Sai da wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsinci ɗaya, ya sa ta cikin tarin waƙoƙin salular Sahara da kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar, ya yi ta cigiya har ya samo mai ita. Yau Mdou yana cika dandali a Amurka da Turai, mu kuma muna bugun ƙirji wai namu ne. To lokacin da yake kiɗan biki, ina muke?

Ba sai mun je nesa ba ma. Malam Maman Barka ɗan Tasker ne, nan arewa da mu. Malamin lakkol ne da ya fara da gurmi, daga baya ya je bakin tafkin Cadi ya koyi biram wajen Bukar Tar, don kada kiɗan Buduma ya bi tsohon kabari. Ya rasu a 2018. Samarin Gure nawa ne za su iya kawo sunan waƙarsa guda?

Na san abin da wasu za su ce: waƙoƙin yaran nan ɗanye ne, sauti ba kyau, wasu kwaikwayon Kano kawai suke. Gaskiya ne. Amma wa ya fara da gwaninta? Wanda ke naɗar murya a ɗakin uwarsa, yana jiran wuta ta dawo, in ba a saurare shi yau ba, gobe zai ajiye jitar ya kama hanyar Agadas ko Libiya. Waƙar da zai yi mana kan hamadar da ke cinye kwaruruwanmu, da Barbarci ko Hausa ko Tubanci, ta tafi ke nan.

Don haka ga abin da nake roƙo, ba ya buƙatar wani furoje. In za ka tura waƙa, rubuta sunan mai ita. In kana da biki ko suna, gayyaci ɗan unguwa, ka biya shi kuɗin da aka yi ciniki, ba “Allah ya yi albarka” kawai ba. Ƙungiyoyinmu su nemi gidan matasa ko filin lakkol, sau ɗaya a wata, sababbin mawaƙa su hau, 'yan mata ma a ba su wuri. Mu da muka yi karatu mu taimaka musu su yi rajistar waƙoƙinsu a BNDA, hukumar kare haƙƙin masu fasaha, tun kafin wani ya ɗauke.

Ni dai da safe na je wajen mai gyaran babur ɗin, na tambaye shi sunan waƙar, na gyara a wayata. Ku duba naku wayoyin, ku gaya mini waƙoƙi nawa ne marasa suna a ciki.