ILMIN ZAMANI: Rukunin Adireshi Amana Ce A Hannun Magatakarda

A wannan mako filin namu zai yi magana da magatakardan ƙungiyoyi, da akawunan ofisoshi, da shugabannin makarantu, da duk wanda aikinsa ya ɗora masa aika wa mutane da yawa takarda iri ɗaya a lokaci guda.

Dattawan cikinmu ba su manta da yadda ake wannan aiki a da ba. In ƙungiyar 'yan kasuwa a Agege ko a unguwar Sabo ta Badun za ta kira taro, sai magatakarda ya zauna gaban tafireta, ya jera fararen takardu da takardar kabon a tsakaninsu, ya buga sanarwa. Sa'an nan ya buɗe littafin rajista, ya rubuta adireshin kowa a bayan ambulan, ya liƙa kan sarki, ya nufi gidan waya. Aiki ne mai cin rai ƙwarai, amma yana da wani alheri da ba a cika lura da shi ba, watau kowane mutum ambulan ɗinsa kaɗai yake gani. Wanda ke Fatakwal bai san inda aka aika wa na Anacha ba, balle ya san ko su wane ne sauran da aka rubuta wa.

A shekarar 1971 wani injiniya a Amurka mai suna Ray Tomlinson ya aika wasiƙar imel ta farko daga wata kwamfuta zuwa wata, shi ne kuma ya zaɓi alamar nan ta @ don ta raba sunan mutum da sunan inda akwatinsa yake. Daga wannan ɗan mafari ne aka kai ga inda muke yau, inda magatakarda zai isar da sanarwa ga mutum ɗari biyu kafin shayinsa ya huce. Abin da ke ba shi wannan dama shi ake kira rukunin adireshi, watau a tara adireshin mutane da yawa a ƙarƙashin suna ɗaya, ta yadda in an rubuta sunan nan, kwamfuta za ta ɗebo su duka.

Haɗa rukunin ba shi da wuya. Mai amfani da Gmail zai shiga Google Contacts, inda ake ajiye sunayen abokan hulɗa, ya ƙirƙiri laƙabi ya ba shi suna, alal misali "Kwamitin Kuɗi", sa'an nan ya zaɓi mutanen da yake so ya liƙa musu laƙabin. Mutum ɗaya yana iya ɗaukar laƙabi biyu ko fiye, kamar yadda ma'aji yake ɗan kwamitin kuɗi kuma ɗan majalisar zartarwa. Mai amfani da Outlook kuwa zai shiga ɓangaren mutane, ya buɗe sabon rukuni, ya sa masa suna, ya zuba adireshi, ya adana. In lokacin aika wasiƙa ya yi, sai a fara rubuta sunan rukunin a gurbin masu karɓa, a zaɓe shi, shi ke nan.

To, a nan ne gizo ke saƙar. Mutane da yawa suna zaton sunan rukunin murfi ne da ke rufe waɗanda ke cikinsa. Ba haka abin yake ba. Irin wannan rukuni da mutum ya haɗa a akwatinsa gajeriyar hanya ce kawai ta rage masa wahalar rubutu. Da zarar an aika, wasiƙar za ta isa wurin kowa ɗauke da adireshin kowa, sai fa in an sa rukunin a gurbin da ya dace.

Gurabe uku ne a saman kowace wasiƙa. Na farko, mai alamar To, na waɗanda ake magana da su ne kai tsaye. Na biyu, mai alamar Cc, na waɗanda ake ba kwafi ne don su san abin da ake ciki, sunansa ma daga takardar kabon ɗin nan ta zamanin tafireta aka samo shi. Duk adireshin da aka sa a waɗannan gurabe biyu, kowane mai karɓa zai gan shi. Na uku, mai alamar Bcc, shi ne kwafin ɓoye: wanda aka sa a ciki zai karɓi wasiƙar, amma sauran ba za su ga adireshinsa ba. Wannan gurbi na uku shi ne magajin ambulan. Abin takaici, a yawancin manhajoji shi ne a ɓoye, sai an danna kafin ya bayyana, don haka mai gaggawa yakan tsallake shi.

Kada wani ya ɗauka wannan ƙaramin al'amari ne. A watan Satumba na 2015 wani asibiti a birnin Landan da ake kira 56 Dean Street ya aika takardar labarai ga mutum 781 masu hulɗa da sashensa na cutar ƙanjamau. Ma'aikacin da ya aika ya sa adireshin a gurbin fili maimakon na ɓoye. Adireshi 730 daga ciki suna ɗauke da cikakken sunan masu su. Cikin ƙiftawar ido kowa ya ga sunan kowa, a kan al'amarin da wasu ba su gaya wa ko danginsu ba. A watan Mayu na 2016 hukumar kare bayanan jama'a ta Ingila ta ci hukumar da ke gudanar da asibitin tarar fam 180,000. Tara dai an biya, amma sirrin da ya fita bai koma ba.

Wanda ya fi wannan muni ya faru a watan Satumba na 2021, 'yan makonni bayan Taliban sun karɓe birnin Kabul. Wani ofishi na Ma'aikatar Tsaron Birtaniya ya aika wasiƙa ga 'yan Afganistan 245 da suka yi wa Birtaniya aiki, suna neman a kwashe su daga ƙasar, wasunsu kuwa a ɓoye suke don tsoron ransu. An sa adireshinsu duka a fili. Mutum biyu daga cikinsu suka ba da amsa ga kowa da kowa, ɗaya ma har ya faɗi inda yake. Da jerin sunayen nan ya faɗa hannun da bai kamata ba, da rayuka ne za su salwanta. A watan Disamba na 2023 aka ci ma'aikatar tarar fam 350,000.

Akwai kuma wata ɓarna ta dabam, wadda ba ta tona asiri amma tana tsayar da aiki. Ran 14 ga Nuwamba 2016 aka aika wata wasiƙar gwaji a tsarin imel na hukumar lafiya ta Ingila, wadda aka yi nufin mutane kaɗan su gani, amma saboda tangarɗa a haɗa rukunin sai ta tafi akwati kimanin 840,000. Mutane suka shiga danna maɓallin amsa wa kowa suna cewa a cire su, kowace amsa kuwa sai ta sake komawa ga dubban ɗaruruwan nan. Cikin 'yan sa'o'i miliyoyin wasiƙu suka cunkushe hanya, saƙonnin likitoci na gaske suka yi ta jinkiri.

In manyan hukumomi masu ƙwararrun ma'aikata sun faɗa wannan rami, ina ga magatakardan ƙungiyar gari da ke aiki da wayar hannu bayan sallar isha'i? Saboda haka ga waɗansu ƙa'idodi da ya kamata mai riƙe da rukuni ya kiyaye.

Da farko, a raba rukunai bisa ga aikinsu. Na shugabanni dabam, na dukan 'yan ƙungiya dabam, na baƙi da masu ba da gudummawa dabam. A ba su sunaye da ba su yi kama da juna ba, domin kwamfuta tana ƙarasa wa mutum suna tun daga haruffan farko. Wanda ya sa wa rukunai biyu "Kwamiti" da "Kwamitin Ladabtarwa" wata rana zai aika rahoton hukuncin wani bawan Allah ga waɗanda ba su da hurumin gani.

Na biyu, kafin a aika a tambayi kai: shin mutanen nan sun san juna, kuma ana bukatar su tattauna a tsakaninsu? In kwamiti ne na mutum bakwai da za su yi shawara, gurbin fili ya dace. In kuwa sanarwa ce ga iyayen yara, ko masu sayen kaya, ko waɗanda ake bi bashin kuɗin wata, to sai gurbin ɓoye, mai aikawa ya sa nasa adireshin a gurbin farko. Wannan yana da amfani na biyu, domin wanda aka sa a ɓoye ko ya danna amsa wa kowa, amsarsa ba za ta kai ga sauran na ɓoye ba. Amma in maganar ta shafi rashin lafiya, ko shari'a, ko tsaron rai, kada a dogara da gurbin ɓoye ma, tun da kuskuren yatsa ɗaya ya isa ya rushe shi. A aika wa kowa tasa dabam, ko a yi amfani da tsarin da ke rarraba wasiƙa ɗaya-ɗaya.

Na uku, rukuni kamar gona yake, yana bukatar cirar ciyawa. Mutane suna sauya adireshi, suna barin aiki, suna ƙaura, wasu kuma Allah yana yi musu rasuwa. Babu daɗi iyalan mamaci su buɗe akwatinsa su tarar ana tuna masa da kuɗin wata. Haka kuma ma'aikacin da aka sallama bai kamata ya ci gaba da karɓar rahoton kuɗin ofis ba. A sa rana, ko da sau ɗaya a wata uku, a ɗauki littafin rajista a gwada shi da rukunin suna bayan suna. Duk wasiƙar da ta dawo da bayanin cewa ba a sami mai adireshin ba, a gyara nan take. Wanda kuma ya ce a cire shi, a cire shi ba tare da jayayya ba.

Na huɗu, a san cewa rukunin yana zaune ne a akwatin wanda ya haɗa shi. In magatakarda ya haɗa shi a akwatinsa na kansa, ranar da ya faɗi zaɓe ko aka yi masa canjin wurin aiki, rukunin zai tafi tare da shi, sabon magatakarda ya koma tara adireshi daga farko. Mafita ita ce ƙungiya ta buɗe akwati da sunanta, a haɗa rukunan a ciki, a miƙa shi ga magaji tare da hatimi da littafin rajista, sa'an nan a sauya kalmar sirri a ranar.

Na biyar, a san iyaka. Akwatin Gmail na kyauta bai yarda a wuce mutum 500 a wasiƙa ɗaya ba, ko wasiƙu 500 a rana, wanda ya ƙetare kuwa ana iya hana shi aikawa har tsawon awa 24. Har ila yau Gmail yana ba da ɗan jinkiri na janye wasiƙa bayan an danna aikawa, daga daƙiƙa 5 zuwa 30. A shiga saituna a kai shi 30. Bayan wannan kuwa, magana zarar bunu ce.

Daɗin daɗawa, al'amarin ya wuce ladabi kawai, ya shiga doka. A watan Yuni na 2023 aka sa hannu a kan dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya, wadda ta kafa hukuma ta musamman mai ikon bincike da cin tara. Adireshin imel na mutum yana cikin bayanansa da dokar ta kare. Saboda haka wanda ya ba ka adireshinsa don ka sanar da shi ranar taro bai ba ka izinin miƙa shi ga ɗan takara ko mai tallar magani ba, ko da ɗan takarar nan ɗan garinku ne. 'Yan damfara ma suna murna da wasiƙar da ta zo da adireshi ɗari a fili, domin ta gaya musu wane ne ya san wane, sai su ari sunan shugaban ƙungiya su rubuta wa sauran suna neman a turo kuɗi cikin gaggawa.

Magatakardan da ba ya barin littafin rajista a kan benci, a aljihun tebur yake kulle shi. Rukunin adireshi shi ne littafin nan a wannan zamani, irin wannan tsaro kuma yake bukata. Wanda zai aika wa jama'a wasiƙa ya dakata ya dubi gurbin da ya zuba sunaye, ya sake duba sunan rukunin, kana ya danna. Rigakafi dai ya fi magani.

Allah ya ba mu ikon riƙe amana, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.