Hausa a Wasannin Bidiyo: Fagen da Manazarta Suka Bari a Baya

A unguwannin Kaduna da ke arewacin kogi, daga Kawo da Unguwar Dosa har zuwa Badarawa da Unguwar Shanu, da wuya a rasa shagon da matasa ke kira gidan gem: talabijin biyu ko uku, na'urar PlayStation, benci, da janareta a bakin ƙofa. Wanda bai shiga shagon ba yana da nasa a wayar salula. Wannan harka ta cinye wani babban kaso na lokacin da a da ake bai wa dara da langa da tatsuniya, amma har yanzu fagen nazarin Hausa bai ba ta muhallin da ya dace ba. Ra'ayin wannan maƙala shi ne wasannin bidiyo sun cancanci a nazarce su kamar yadda ake nazarin fim da ƙagaggen labari, kuma a bi su rukuni-rukuni, domin kowane rukuni da irin hulɗar da yake yi da Bahaushe.

Rukunin da ya fi karɓuwa a gidajen gem shi ne na ƙwallon ƙafa. Wasan da aka sani da FIFA ya koma EA Sports FC a 2023, kamar yadda PES na kamfanin Konami ya koma eFootball tun 2021, sai dai a bakin matasa tsofaffin sunayen ne ke ci. Ta fuskar ƙira, waɗannan wasanni ba sa kawo wani sabon abu mai yawa daga shekara zuwa shekara in ban da sauya sunayen 'yan wasa da gyaran hoto. Babu Kaduna United a cikinsu, babu Ranchers Bees, kuma sharhin da ke fitowa daga na'urar yana zuwa da Ingilishi ko Larabci ko Faransanci, ban da Hausa. Duk da haka, a nan ne Hausa ta fi yin aiki. Wanda ya ci yana yi wa kansa kirari, 'yan kallo suna yi wa wanda aka lallasa zambo da habaici, ana kuma bin ƙa'idar wanda aka ci ya tashi, irin ta dandalin dara. Wasan baƙo ne, amma adabin bakan da ke kewaye da shi na gida ne, kuma yana salwanta a kullum saboda ba a taskace shi.

Rukuni na biyu shi ne na harbe-harbe, irin su Free Fire da ya fito a 2017, da PUBG Mobile na 2018, da Call of Duty: Mobile na 2019. Ƙarfinsu shi ne ana sauke su kyauta, kuma suna haɗa abokai su yi shawara da murya yayin da ake fafatawa. Mai nazarin aron kalmomi da gambizar harshe zai sami abin da zai ishe shi a wannan hira ta gaggawa. Illarsu kuwa ba ɓoyayya ba ce: suna cin data, suna kwaɗaitar da yaro sayen tufafi da makamai na cikin wasa da kuɗi na gaske, kuma suna mai da bindiga abin nishaɗi a jihar da ta sha fama da 'yan bindiga. Damuwar iyaye da malamai a nan tana da tushe. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sanya jarabar wasan bidiyo cikin kundin cututtuka da ta amince da shi a 2019. To amma hukumar ta taƙaita hukuncin ga wanda wasan ya fi ƙarfinsa har ya lalata masa karatu ko sana'a ko zaman iyali, ba duk wanda ya riƙa waya ba. Gano bambancin da ke tsakanin biyun aiki ne na bincike, ba na tsinuwa ba.

Abin mamaki shi ne, rukunin da Hausa ta shiga ciki da sunanta shi ne wanda matasan Kaduna suka fi ƙarancin sani, wato na dabarun yaƙi da gina daula. A watan Agustan 2021 aka ƙara wa wasan Age of Empires III wani sashe mai suna The African Royals, wanda ya shigo da Habasha da Hausa a matsayin al'ummun da ɗan wasa zai iya jagoranta. Dakarun suna amsa umarni da Hausa, akwai mahaya masu lifidi, akwai maharban Fulani, kuma Sarauniya Amina ce jagora. A watan Fabrairun 2025 kuma wasan Civilization VII ya fito da Amina cikin jerin shugabannin duniya da ake zaɓa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin akwai ɗimbin mutane a Turai da Asiya da Amurka waɗanda a nan suka fara jin sunan Zazzau.

Sai dai yabo ba ya hana gyara. Age of Empires III ya ɗora Amina ta Zazzau a kan gadon da hedikwatarsa Kano ce, ya dunƙule ƙasashen Hausa masu cin gashin kansu suka zama daula guda. Ya kuma raɗa wa wani rukunin dakarunsa suna Maigadi, alhali gadi kalma ce da aka aro daga Ingilishi a zamanin Turawa. Dogari ne ya fi dacewa da fadar wancan ƙarni. Shi kuwa Civilization VII ya kawo Amina ba tare da daular Hausa ba, don haka sai dai ta jagoranci Songhai ko Aksum ko wata al'umma dabam. Waɗannan kura-kurai ne da ɗalibin da ya karanta Tarihin Kano zai gano cikin sauƙi. Ga kuma matsalar tsada: Civilization VII ya fito a kan kusan dala 70, kuɗin da a lokacin ya haura mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wato naira 70,000. Ke nan yaron Kawo, wanda Turunku da ake dangantawa da Amina ba ta da nisa da shi, shi ne na ƙarshe da zai ga yadda aka siffanta ta.

Rukuni na huɗu, na labari da kasada, shi ne ya fi nuna abin da ake asara. A 2024 wani kamfanin ƙasar Sin ya fitar da Black Myth: Wukong, wanda aka gina a kan wani littafinsu na ƙarni na 16, ya kuma sayar da kwafi miliyan 10 cikin kwana uku. A shekarar ne kuma Tales of Kenzera: ZAU na Abubakar Salim ya fito, an gina shi a kan al'adun Bantu, da muryoyi cikin Swahili. Tun 2016 kamfanin Kiro'o na Kamaru ya fitar da Aurion. Adabin Hausa bai rasa irin wannan jari ba. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam tafiya ce ta neman abu guda ta cikin garuruwa da tarnaƙi, wadda ita ce ainihin ƙirar wasan kasada. Haka dambe, da kiɗansa da kirarinsa da rabuwar 'yan wasa zuwa ɓangarori, yana da duk abin da wasannin faɗa irin su Tekken da Mortal Kombat suke taƙama da shi.

Wani zai ce ƙera wasa aikin masana kwamfuta ne, ba na sashen Hausa ba, kuma kuɗin da ake bukata ya fi ƙarfin jami'o'in ƙasar nan. Gaskiya ne, amma mai rubuta manhaja ba shi ke tantance kalma ko tsara labari ko zaɓen kirari ba. Akwai ayyukan da ba sa bukatar jari mai yawa. Ana iya naɗar hirar gidajen gem a nazarci kalmominta. Ana iya rubuta sharhi na ilimi a kan Hausar da ke cikin Age of Empires III da siffar Amina a Civilization VII, a buga inda masu ƙera wasannin za su gani. Ana iya tsara ƙamus na kalmomin wasa domin masu fassara. Jami'ar Jihar Kaduna, wadda aka kafa a 2004, tana da masu nazarin Hausa da masu nazarin kwamfuta a inuwa guda, ga kuma Gidan Arewa a kan titin Rabah da taskarsa ta tarihi. Ɗan ƙaramin wasan dara na waya, da umarni da kirari cikin daidaitacciyar Hausa, bai fi ƙarfin ɗalibai biyu daga sassan biyu ba.

Tarihin wannan fage yana da darasi. Lokacin da littattafan da aka laƙaba wa Adabin Kasuwar Kano suka mamaye kasuwa, an daɗe ana musu kan ko sun cancanci a kira su adabi, muhawarar da ta yi zafi a shafukan New Nigerian ta Kaduna a ƙarshen shekarun 1990. Finafinan Hausa, tun daga Turmin Danya na 1990, su ma sun sha irin wannan kallo kafin su zama abin rubuta kundin digiri. A lokutan biyu, kafin masana su juyo, an rasa littattafai da kasakasai masu yawa. Wasannin bidiyo sun fi su saurin shuɗewa, domin sabon fitowa yana binne na bara, salon maganar da ya zo da shi kuma ya bi shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Idan manazarta Hausa ba su shiga wannan fage yanzu ba, wasu za su ci gaba da siffanta Bahaushe a gaban duniya gwargwadon abin da suka tsinta, 'ya'yansa kuma su gaji siffar ba tare da wanda zai ce musu ga inda aka yi daidai, ga inda aka kauce.