Wasiƙa Zuwa Ga 'Yan Tireda da Masu Tebur na Ƙasar Yauri

'Yan'uwana na kasuwar Yelwa da Wara da Shanga, da masu kasa kaya a bakin ruwa inda jirage ke tsayawa.

Magana ɗaya ce ta sa na ɗauki alƙalami: yaron da ke miƙo muku canji ya ce, "A ba ni kara ɗaya, an aiko ni."

Dukanmu mun san wannan aike. Wani lokaci gaskiya ne, baban ne ko ubangidansa a jirgi. Sau da yawa kuwa mai aiken da ɗan aiken mutum ɗaya ne, bayan kango za a kunna. Ko da gaskiyar ce, yaron da ya saba ɗauko wa manya taba ya riga ya san sunanta da farashinta, saura ɗanɗano.

Dokar taƙaita shan taba ta ƙasa, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a 2015, ta hana sayar da taba ga wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana sa shi tallarta, ta kuma hana sayar da sigari kara-kara, sai kwali cikakke. Dalilin a fili yake: kuɗin kwali ya fi ƙarfin ɗan makaranta, amma kara ɗaya kuɗin alewa ne. Kuma akasarin mashaya tun suna samari suka fara.

Don haka ga shawarata. In yaro ya zo, ku ce cikin sakin fuska, "Je ka ce ya zo da kansa." Ku raba taba da biskit da alewa a kan tebur. Kada ku bar wa ƙananan 'ya'yanku jiran shago alhali taba tana ciki. Saurayin da kuke shakkar shekarunsa, ku nemi katin shaida. Ku kuma yi baki ɗaya a ƙungiyance, don kada wanda ya hana ya ga cinikinsa ya koma teburin maƙwabci.

Na san ribar kara-kara ta fi ta kwali. Amma ku tambayi Sarkawan tafkin Kainji abin da taru mai ƙananan ido ke yi: yau kwando ya cika da 'ya'yan kifi, baɗi a nemi manya a rasa. Yaran nan su ne masuntanmu da manomanmu na gobe.

Allah ya sa albarka a kasuwa.

Naku,
Wani ɗan'uwanku a Yelwa