Zoben Tsuntsu da Katin Ma'aikaci

A shekarar 1899 wani malamin makaranta a garin Viborg na ƙasar Denmak, mai suna Hans Christian Mortensen, ya fara kama tsuntsaye yana sanya musu ɗan zoben alminiyam a ƙafa, kowane zobe da lambarsa, sa'an nan ya sake su. Duk wanda ya tsinci tsuntsu mai zobe sai ya aiko da labarin inda ya gan shi da ranar da ya gan shi. Da wannan 'yar dabara masana halittu suka gano hanyoyin da tsuntsaye ke bi in za su yi ƙaura, har muka san cewa da yawa daga cikin waɗanda ke cika fadamun Haɗeja da Nguru da sanyi baƙi ne daga Turai, sun keto hamadar Sahara kafin su iso. Abin lura a nan shi ne zoben kansa lamba ce kawai a jikinsa. Ilmin duk yana cikin littafin da ake tara wurare da ranaku. In layukan littafin suka yi yawa, sai ka san inda tsuntsu ke kwana, da inda yake kiwo, da lokacin da ya yi ƙwai, da shekarun da ya yi a duniya, alhali kuwa ba ka taɓa bin sa ko taki ɗaya ba.

Katin nan da ma'aikacin gwamnati ke ratayawa a wuya don a bar shi ya shiga ginin ma'aikatarsu, a ganina, ɗan'uwan wannan zobe ne. A bayansa akwai littafi iri biyu. Na farko shi ne fayil ɗin da aka buɗe sa'ad da ya nemi katin: sunansa, hotonsa, ranar haihuwa, adireshin gida, sashen da yake aiki, wani lokaci har da zanen yatsunsa da rahoton binciken da jami'an tsaro suka yi a kansa. Na biyu shi ne wanda ke ƙaruwa kullum. Duk sa'ad da ya kara katin a jikin ƙofa, na'ura ta rubuta lamba kaza ta bi ta ƙofa kaza da ƙarfe kaza. Inda babu na'ura kuwa, maigadi ne da rajistarsa da biro ɗaure da zare.

Mai karatu yana iya cewa, to mene ne abin ɓoyewa a cikin lokacin da mutum ya zo ofis? A layi ɗaya babu kome. Amma a tara na wata shida a ba wanda ya saba da karanta littafin tsuntsaye, ka ji abin da zai faɗa. Wance tana fita kowace Talata da hantsi ta dawo bayan azahar, kuma ranar nan ce asibitin da ke kusa ke ganin masu juna biyu. Wane da wane kullum tare suke fita, tsakaninsu bai wuce daƙiƙa goma ba. Wannan akawu ya hau benen masu binciken kuɗi sau uku a makon da aka bankaɗo wata almundahana. Ciwo da abota da tsegunta ɓarna, duk ga su a fili, ba tare da an tambayi kowa kome ba. A 2013 wasu masu bincike na Amurka da Beljiyam suka nazarci bayanan wayar salula na mutum miliyan ɗaya da rabi waɗanda aka cire wa sunaye, suka tarar cewa sanin wuri huɗu da lokacin da mutum ya kasance a kowannensu ya isa a ware kashi 95 cikin ɗari na mutanen ɗaya bayan ɗaya. Wato ke nan goge suna daga irin wannan littafi ba ya ɓoye mai shi.

Kada a ɗauka ina cewa a daina rubuta masu shiga da fita. Duk wanda ya taɓa riƙe mabuɗin ɗakin gwaje-gwaje ya san amfanin abin. In gobara ta tashi, littafin ne zai nuna ko akwai wanda ya rage a ciki. In madubin ganin ƙwayoyin halitta ya ɓace, nan za a fara dubawa. A watannin Satumba da Oktoba na 2001 an aika da wasiƙu ɗauke da garin ƙwayoyin cutar antiraks a Amurka, cutar nan da ke kashe shanu da tumaki kuma take kama mutane, har mutum 5 suka mutu, 17 suka kwanta. Daga cikin hujjojin da hukumar binciken manyan laifuka ta FBI ta dogara da su akwai bayanan katin shiga na cibiyar binciken cututtuka ta soja da ke Fort Detrick, waɗanda suka nuna wani masanin ƙwayoyin cuta ya daɗe shi kaɗai a ɗakin gwaji cikin dare a kwanakin da suka gabaci aika wasiƙun. Sai dai mutumin ya rasu a 2008 ba a kai ga gurfanar da shi ba, kuma a 2011 wani kwamitin masana kimiyya na ƙasar ya ce hujjar kimiyya ita kaɗai ba ta isa ta tabbatar da inda ƙwayoyin suka fito ba. Littafin ƙofa yana faɗin lokacin da kati ya wuce. Abin da mai katin ya yi a ciki, wannan hasashe ne na mai karanta littafin, hasashe kuwa yana iya rataye mutum.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai ya faru ne a fadar shugaban Amurka. A 1993 da 1994 ofishin da ke tantance masu riƙe da katin shiga fadar ya riƙa neman fayilolin binciken sirri daga FBI, ita kuwa tana ba shi. Sai a watan Yuni na 1996 aka gano cewa ɗaruruwan fayilolin na mutanen da suka riga suka bar aiki ne, ma'aikatan gwamnatocin da suka gabata na jam'iyyar hamayya, har da irin su James Baker, tsohon sakataren harkokin waje. Irin wannan fayil kuwa yana ƙunshe da abin da maƙwabta da tsofaffin abokan aiki suka faɗa game da mutum, na gaskiya da na jita-jita. Gwamnatin Bill Clinton ta ce kuskure ne, wai an yi aiki ne da wani tsohon jerin sunayen masu kati wanda ba a sabunta ba. Shugaban ofishin, Craig Livingstone, ya yi murabus, shugaban FBI na lokacin, Louis Freeh, ya yarda an keta sirrin mutane, sa'an nan a 2000 mai bincike mai zaman kansa ya ce bai sami gamsasshiyar hujjar cewa an aikata laifi ba.

Mu ɗauka maganar kuskuren gaskiya ce, domin ni ita ta fi ba ni tsoro. Babu ɓarawo, babu wanda ya fasa kabad. Wani ne kawai bai soke sunayen waɗanda suka tafi ba, wani kuma aka roƙe shi fayil ya miƙa bai tambayi dalili ba. Ƙasar kuwa tun 1974 take da dokar sirri wadda ta tilasta wa ma'aikatu su shelanta kowane irin rumbun bayanai da suke ajiyewa a kan mutane, da abin da za a yi da shi, ta kuma ba mutum ikon ganin nasa ya nemi a gyara. Doka tana nan a rubuce kusan shekara 20, amma sakacin akawu ɗaya ya bi ta gefenta.

Yanzu sai inda ilmin halittu ya shigo sosai. Tun daga 2004 Amurka ta ba da umurnin a yi wa ma'aikatan tarayya kati iri ɗaya, wanda aka tsara shi da ɗan guntun na'ura mai ɗauke da hoto da zanen yatsu biyu, ga shi mu ma yau ana dangwala yatsa a ƙofofin ofisoshi da dama. Zanen yatsa yana fara fitowa ne tun ɗan tayi na da kamar wata uku a ciki, daga ƙasan fatar sama inda ƙwayoyin halitta ke rarrabuwa, kuma kafin wata na shida ya gama tsayawa. Gado yana da hannu a cikinsa, haka ma yanayin mahaifa, shi ya sa ko tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya, Hassan da Hussaini masu kama kamar an tsaga kara, zanensu ya bambanta. In ka ɗan yanke ko ka ƙone sama-sama, fatar da za ta tsiro da tsohon zanen za ta dawo. Wannan dawwama ita ta sa ake son sa wajen shaida, ita ce kuma babban haɗarinsa. A 2015 aka bayyana cewa an kutsa cikin kwamfutocin ofishin kula da ma'aikatan tarayya na Amurka an kwashe bayanan mutum miliyan 21 da rabi, a ciki har da zanen yatsun mutum miliyan 5.6. Wanda aka sace wa kati gobe sai a buga masa sabo. Wanda aka sace wa zanen yatsa fa? Goma ya zo da su duniya, kuma babu ofishin da ke ba da na goma sha ɗaya. Ba a kuma ce sai an sare yatsan ba: a 2002 Tsutomu Matsumoto na jami'ar Yokohama a Japan ya nuna ana iya ƙera yatsan jabu da jalatin, abin nan mai danƙo da ake yin alawa da shi, a ruɗi na'urorin karanta yatsa na wancan lokaci. Bayanin da ya fita kuwa zarar bunu ne.

A nan gida matsalar ba ta ma kai ga masu kutse ba. Na taɓa sayen ƙosai da safe a bakin hanya, da na warware takardar sai na ga shafi ne daga rajistar ƙofar wata ma'aikata. Ga sunaye kusan talatin, ga sashen kowa, ga lokacin shiga da na fita, ga sa hannu, ga lambar waya, mai ya jiƙa rabinsu. Mai ƙosai ba ta yi laifin kome ba, ita a awo ta sayi takardun. Ko kafin rajista ta kai kasuwa, duk baƙon da ya zo sa hannu yana karanta na waɗanda suka riga shi, yana jiran maigadi ya nemo biro.

Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya lamunce wa ɗan ƙasa sirrinsa, kuma a watan Yuni na 2023 aka sa hannu a kan dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya. Dokar ta ce a karɓi bayani don wata manufa sananniya, kada a karɓi fiye da buƙata, kada a riƙe shi fiye da lokacin da ya dace. Ta sanya bayanan jiki irin su zanen yatsa cikin masu buƙatar kulawa ta musamman, ta kuma ce in aka yi ɓarakar da ke iya cutar da mutane a sanar da hukumar kare bayanai cikin awa 72. Dokar ta yi kyau, sai dai abin da ya faru a fadar Amurka ya nuna mana cewa a hannun ƙananan ma'aikata aikin yake.

Saboda haka ra'ayina shi ne littafin ƙofa ya tsaya a kan aikin ƙofa. In shugaba yana son ya auna masu makara da shi, ya faɗa wa ma'aikata tun farko, a rubuce, kada ya jira sai ya yi faɗa da wani sa'an nan ya aika a ɗauko masa watannin baya. A ofis na yau da kullum ban ga abin da zai sa a riƙe bayanan shiga da fita fiye da 'yan watanni ba, ko da yake ɗakin ajiye ƙwayoyin cuta ko rumbun makamai dole nasu ya fi haka. In wa'adi ya cika, na kwamfuta a goge, na takarda a ƙone a gaban shaida. Ranar da mutum ya bar aiki ranar za a kashe katinsa. Shi kansa littafin a yi masa nasa littafin, duk wanda ya buɗe shi a rubuta sunansa da dalilinsa, ko da babban sakatare ne. Game da yatsa kuwa, inda kati da hoto suka wadatar a bar wa mutane yatsunsu. Inda ya zama tilas, a ajiye zanen a cikin katin da ke wuyan mai shi maimakon a tara na dubban mutane a rumbu guda, a kuma tanadi wata hanya don tsofaffi da masu aikin ƙarfi waɗanda zanensu ya siɗe har na'ura ba ta karanta shi.

Malaman kimiyya na sakandare suna iya gwada wannan a aji. Kowane ɗalibi ya goga fensir a takarda har wurin ya yi baƙi, ya murza yatsansa a kai, ya manna farin salatif a yatsan, ya ɓare ya liƙa a farar takarda. Za a ga zane iri uku: mai lanƙwasa ya dawo ta inda ya fito, wanda shi ya fi yawa, kusan kashi 60 zuwa 65 cikin ɗari, mai kewaye kamar saƙar faifai, wajen kashi 30, sai mai ɗan tudu kamar baka, wanda bai cika wuce kashi 5 ba. A ƙirga nawa ne kowane iri a rubuta jimla a allo, ba tare da suna ba, a kwatanta da waɗannan alƙaluma. In an gama, kada malam ya tattara takardun. Kowane ɗalibi ya naɗe tasa ya tafi da ita gida.