Launin Ƙoto: Kifi Ake Farauta, Ko Mai Fatsa?

Yau jayayya muka kawo, kuma daga tafkunan Amurka muka ɗauko ta.

Masu fatsa a can suna da wani ƙoton ƙarya da suke kira sifinabet, mu ce masa ƙoto mai farfela. Waya ce a lanƙwashe mai reshe biyu: reshen sama yana ɗauke da ɗan falle na ƙarfe mai juyawa in an ja shi cikin ruwa, na ƙasa kuwa yana da kan dalma da ƙugiya da aka lulluɓe da gezar roba. Da shi ake yaudarar kifin bas mai babban baki. Kantuna sun cika bango da launukansa, kowane da suna mai daɗi, ana nuna wa mai saye cewa rashin launi kaza ne ya sa ya koma gida hannu rabbana. Mu dai mun ce a'a. Yawancin launukan nan mai fatsa suke kamawa, ba kifi ba.

Hujja ta farko idon kifin ne da kansa. Masu bincike a Jami'ar Ilinoi sun gano cewa ƙwayoyin ganin launi iri 2 ne a idon bas, masu ganin ja da masu ganin kore. Yana rikita rawaya mai haske da fari, yana kuma rikita shuɗi da baƙi. To wanda ya tsaya rabin awa a kanti yana auna fari da rawaya, wa yake wa hidima?

Ta biyu, ruwa yana cinye launi. Ja ne ke fara dusashewa da zarar an yi nisa ƙasa, a ruwa mai laka kuwa komai inuwa yake komawa. A nan kifi ya fi dogara da wata jijiya da ke kwance a gefen jikinsa, wadda ke jiyo motsin ruwa. Shi ya sa siffar farfela ta fi launin geza muhimmanci. Mai faɗi, da ake kira Kolarado, tana girgiza ruwa sosai, ita ce ta ruwan da ya dagule. Siririya mai kama da ganye ta fi walƙiya, ita ce ta ruwa garau.

Za a ce mana, ai wane da jan ƙoto ya cika kwandonsa. Mun ji. Amma a wane zurfi ya jefa, da wane sauri ya ja, kusa da wace ciyawa? Abin da mutum ya yarda da shi, shi ya fi daɗewa yana jefawa, sai ya ba launi ladan da haƙurinsa ya ci.

Ba mu ce launi banza ba ne. Cewa muka yi uku sun isa. A ruwa garau irin na tafkin Tebur Rok a Mizuri, sa farar geza da farfela mai ruwan azurfa, don ta yi kama da ƙananan kifayen da bas ke ci. A ruwan da ya rine kamar shayi, irin na Okicobi a Fulorida, sa rawaya mai haske da farfela mai ruwan zinariya. Da dare ko cikin laka, sa baƙa, domin inuwarta ta fi fitowa.

Hausawa suka ce kifi na ganinka, mai jar koma. Gaskiya ne, amma da idonsa yake gani, ba da naka ba. Kafin ka buɗe aljihu, leƙa ruwa tukuna. Mai ja da wannan, ga fili ga mai doki.