Filin Kwamfuta a Gida: Idan Firintar Tarayya Ta Yi Gardama

Yau za mu duba wani abu ƙarami a ido, amma wanda ya sha haddasa ɓacin rai a gidaje, da shaguna, da ofisoshin makarantun Islamiyya a nan Libreville: firinta guda ɗaya wadda kwamfutoci uku ko huɗu suke tarayya a kanta.

Kowa ya san ranar da take zaɓa ta ƙi aiki. Ita ce ranar da maigida zai kai takardun sabunta katin zama, ko ranar da ɗalibi zai miƙa aikin makaranta, ko safiyar da ɗan kasuwar Mont-Bouët yake jiran rasidi. Nan take sai zargi ya tashi: wannan ya ce yara ne suka taɓa, wancan ya ce sakatare ne bai iya ba. Alhali sau da yawa babu mai laifi. Ruwa dai ba ya tsami banza, kuma wanda ya bi matakan bincike daki-daki zai gano dalilin ba tare da ya ɓata zumunci ko ya kashe kuɗi wurin mai gyara ba.

Fara sanin yadda aka haɗa ta

Hanya biyu ake bi wajen tarayya a kan firinta. Ta farko, a jona ta da kebul na USB a jikin kwamfuta ɗaya, ita kuma wannan kwamfuta ta buɗe wa sauran ƙofa. Ta biyu, a haɗa firintar kai tsaye da akwatin intanet na gida, ko da waya ko ta Wi-Fi, ta zama tana da adireshinta na kanta. Bambancin yana da muhimmanci. A hanya ta farko, idan kwamfutar da ke riƙe da firintar tana kashe, ko ta yi barci, to babu wanda zai buga ko shafi ɗaya, komai lafiyar tasa kwamfutar. Da yawa daga cikin abin da ake kira lalacewa bai wuce wannan ba.

Saboda haka ga tambayar farko: kowa ne ya kasa bugawa, ko mutum ɗaya ne? Idan kowa ne, a nemi matsalar a jikin firintar, ko akwatin intanet, ko kwamfutar da ke riƙe da ita. Idan mutum ɗaya ne, a bar firintar ta huta, a duba kwamfutarsa. Sannan a sa firintar ta buga shafin gwaji daga maɓallan jikinta. In shafin ya fito tsaf, injin lafiya lau yake, hanyar saƙo ce ta toshe.

Ɗaukewar wuta da sauyin adireshi

Mazauna Akébé, da Nkembo, da Lalala ba sa bukatar a ba su labarin ɗaukewar wuta, musamman irin wadda birnin ya sha fama da ita a shekarar 2024. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne abin da ke faruwa a lokacin da wutar ta dawo. Akwatin intanet shi ne yake raba wa kowace na'ura lambar adireshi, kamar 192.168.1.20. Idan komai ya mutu ya sake tashi, yana iya ba firintar wata lamba dabam, a ce 192.168.1.23. Kwamfutoci kuwa suna nan suna aika saƙo zuwa tsohon gida, kamar mai kai wasiƙa ga wanda ya riga ya tashi daga unguwa. Daga nan sai a ga an rubuta «Hors connexion» kusa da sunan firintar, alhali fitilarta tana ci.

Tabbatar da hakan ba wuya. A buga shafin bayanin firintar, a karanta lambar da take ɗauke da ita yanzu. A kan kwamfuta a danna maɓallin Windows tare da harafin R, a rubuta cmd, sannan a rubuta ping da lambar. Idan amsa ta zo da «Réponse de» tare da lambar firintar da lokacin da saƙon ya ɗauka, hanya a buɗe take, sai a gyara lambar a saitin firintar na kwamfuta. Idan kuwa aka ce wa'adin jira ya wuce, to a duba kebul ko Wi-Fi. Magani mai ɗorewa shi ne a shiga saitin akwatin intanet a keɓe wa firintar lamba ɗaya wadda ba za ta sauya ba. Aikin minti goma ne, amma yana kawar da ciwon kai na shekaru.

A lura kuma, firintoci da yawa ba sa jin Wi-Fi sai a kan zangon 2.4 GHz. Idan an sauya akwati, ko an canza kalmar sirri, wajibi ne a sake gabatar da firintar ga sabon layin. Game da kariya daga wuta, yana da kyau a sa kwamfuta da akwatin intanet a kan na'urar ajiyar wuta, amma kada a jona mata firinta mai hodar tawada, wato leza, domin tana jan wuta mai yawa lokacin da take ɗumama. Abin da ya dace da ita shi ne na'urar kare tsallen wuta.

Idan layi ya cunkushe

Windows yana da wani ma'aikaci na ɓoye mai jera takardu a layi, wanda a kwamfutocinmu masu Faransanci ake kira «Spouleur d'impression». Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar bugawa, takarda ɗaya tana iya maƙalewa ta tare duk na bayanta. Mai gaggawa kuma sai ya yi ta danna maɓallin bugawa, sau biyar, sau goma. Ranar da hanya ta buɗe, sai firintar ta amayar da kwafi goma na abu ɗaya.

Abin yi shi ne a danna Windows da R, a rubuta services.msc, a nemi wannan ma'aikaci a tsayar da shi. Daga nan a buɗe C:\Windows\System32\spool\PRINTERS, a goge abin da ke ciki kawai, a bar jakar kanta, sannan a sake tayar da ma'aikacin. Idan firintar tana jikin kwamfuta ɗaya ce, a can ne za a fara yin wannan shara.

Tsohuwar kwamfuta da sabuwa

Gidajenmu da yawa suna da kwamfutoci masu shekaru daban-daban, kuma nan ne rigima mafi wuya take. Da farko a tabbatar kowace kwamfuta ta ɗauki layin gida a matsayin «Réseau privé», domin idan ta ɗauke shi na jama'a ne, za ta ɓoye kanta. A kuma kunna «Partage de fichiers et d'imprimantes».

A tsakiyar shekarar 2021 an gano wata ɓaraka a tsarin bugawa na Windows, wadda aka yi wa laƙabi da PrintNightmare, da ke iya ba ɓarawon intanet iko da kwamfuta. Kamfanin Microsoft ya tsaurara matakai. Tun daga watan Agusta na shekarar, sai mai ikon shugabantar kwamfuta ne zai iya saka manhajar firintar tarayya, kuma bayan sabuntawar watan Satumba mutane da yawa a duniya suka fara cin karo da lambar kuskure 0x0000011b. Akwai masu ba da shawarar a kashe kariyar domin bugawa ta dawo. Haka nan akwai masu cewa a farfaɗo da tsohuwar hanyar tarayya ta SMB1, wadda ta ita ce cutar WannaCry ta bazu a watan Mayu na 2017. Wannan cire ƙofar gida ne don makulli ya yi tauri. Abin da ya fi shi ne a sabunta dukan kwamfutocin, ko kuma a cire firintar daga jikin kwamfuta a haɗa ta kai tsaye da akwatin intanet idan tana da wannan dama. A tuna cewa Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 a watan Janairu na 2020, sannan tallafin yau da kullum na Windows 10 ya ƙare ranar 14 ga Oktoba, 2025.

Laima, takarda da haruffanmu

Libreville tana bakin teku, dab da layin da ya raba duniya biyu, kuma iskarta cike take da laima, musamman a lokutan ruwan sama. Takarda tana shan wannan danshi, sai ta lanƙwashe, ta manne da 'yar uwarta, ta maƙale a cikin inji. A bar bandir na takarda 500 a cikin ledarsa ko a akwati mai murfi, a riƙa ɗibar abin da za a yi amfani da shi a ranar. Firinta mai ruwan tawada kuwa, a sa ta buga ko shafi ɗaya a mako don kada bakinta ya bushe. A kuma duba girman takarda: mu A4 muke amfani da ita, milimita 210 da 297, amma kwamfutar da aka saita da tsarin Amurka takan nemi wani girman, sai firintar ta tsaya tana jira.

Akwai kuma matsalar da ta shafe mu musamman. Haruffa masu ƙugiya, wato ƙ da ɗ da ɓ, da rubutun Larabci, kan fito kamar ƙananan akwatuna idan an buɗe takarda a kwamfutar da ba ta da irin zanen harafin da aka rubuta ta da shi. Mafita ita ce a mayar da takardar PDF tun daga inda aka rubuta ta, a duba da ido, sannan a buga.

Haƙƙin tarayya

Abin da aka yi tarayya a kansa amana ne. Takardar da ta fito a kan faranti, ta asibiti ce, ko ta banki, ko kwafin fasfo, sirrin mai ita ne. A kife ta a miƙa masa ba tare da an karanta ba. Wanda ya ƙarar da takarda ko tawada ya faɗa, kada ya sulale ya bar na bayansa da jin kunya. Firintar makaranta ko ta ƙungiya dukiyar jama'a ce, ba a yin aikin kai da ita sai da izini. Idan shafi mai ɗauke da ayoyin Alƙur'ani ko sunayen Allah ya fito a lalace, kada a jefa shi kwandon shara. A ware masa ambulan na musamman, a nemi shawarar malamai kan yadda za a kawar da shi cikin girmamawa. Kafin a buga shafi hamsin, a gwada ɗaya, domin almubazzaranci ba halin Musulmi ba ne.

A ƙarshe, muna shawartar kowane gida da ofis ya liƙa 'yar takarda a jikin firintarsa, mai ɗauke da lambar adireshinta, da sunan kwamfutar da ke riƙe da ita, da wanda aka ɗora wa alhakin kula da ita. Muhimman takardu kuma a buga su tun daren jiya, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah Ya sa albarka a cikin ayyukanmu, Ya ƙara mana haƙuri da juna.